Saiwa Ta Biyar

Tun kafin ladan ya yi kiran farko na ji ƙanena Nomau yana ɗura wa adakarsa albarushi a zaure. Na san ƙarar nan tun muna yara: ƙwas, ƙwas, sandar ɗuri tana danna tsumma a cikin bakin bindiga. Na tashi na dama musu fura a gora, na ƙulla dabino da ƙuli-ƙuli a gefen tsumma. Da na fito na tarar ya sa rigar layunsa, ya rataya burgami, wato jakar fatar akuya da ya gada wurin babanmu, ga gatari a kafaɗa, ga wuƙa a damtse. Karensa Ƙyalesu yana ta zagaya shi. Baƙuwarmu kuma, Dakta Kubura, tana zaune bisa turmi tana ɗaure igiyar wasu manyan takalma masu kai wa har ƙwauri, da jakarta a baya kamar mai goyo. Suka yi asuba, suka fita. Ban ji daɗin fitar nan ba, kuma ban iya cewa ga dalili ba.

Ni dai ban bi su ba, ƙafafuna sun daina irin wannan tafiya tun tuni. Amma kowannensu ya zauna a tabarmata ya ba ni labarin, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, har na zama kamar da ni aka je. Sai dai ku bari in fara gaya muku abin da ya kai su.

Babanmu shi ne Sarkin Baka, wato shugaban maharba, a Tungar Maje. Da zai rasu ya bar wa Nomau sarautar, da maganin saran maciji, haɗin abu biyar. Shekara arba'in ana kawo masa mutane, wasu a kan jaki, wasu a amalanke. Da yawa sun tashi sun koma gona, suna sa masa albarka. Wasu kuma sun tafi. Cikin waɗanda suka tafi har da mijina Malam Arzika, Allah Ya jiƙansa, wanda kububuwa ta sara a wurin yankan gero, bana shekara goma sha tara. Kwana uku jini yana fita ta hancinsa da dasashinsa, Nomau yana tsaye a kansa da ƙwaryar magani. Muka ce kwana ne ya ƙare. Ban taɓa ce wa ƙanena komai a kai ba, shi ma bai taɓa tayar da maganar ba.

Ita kuwa Dakta Kubura malamar jami'a ce, aikinta binciken magunguna. Ba likitar asibiti ba ce, ko da yake nan kowa Likita yake ce mata. Shekara biyu kafin wannan tafiya ta zo ta durƙusa gaban Nomau ta roƙi haɗin, ta ce tana so ta gano abin da ke cikinsa mai aiki, ko Allah Zai sa a mayar da shi ƙwaya ko allura da talaka zai samu a kusa. Ya ba ta sassaƙe biyu, ganye ɗaya, saiwa ɗaya. Ta tafi da su ɗakin gwaje-gwajensu. Yadda ta bayyana mini, sai da ta busar, ta niƙa, ta jiƙa a ruwa da wasu sinadarai, ta tace, ta rarraba abin da ya fito kashi-kashi, kowane kashi ta haɗa shi da dafin da aka tatsa daga bakin kububuwa, ta gwada a jini cikin kwalba, sannan a jikin fararen ɓeraye. Haka ta yi ta yi har shekara biyu.

Da ta dawo duk ta rame. Ta sake durƙusawa, ta ce ya gafarce ta, ba ta ga komai ba, ɓerayen da aka ba maganin sun mutu daidai da waɗanda ba a ba ba, kuma abin da za ta rubuta ke nan. Sai Nomau ya yi wata 'yar dariya ta gefen baki. Ina ganin dariyar nan na gane. Maharba suna da al'ada, ba sa ba wanda ba jininsu ba cikakken magani, sai sun riƙe ɗaya, wanda suke kira uwar magani. Na ja shi ɗaki na ce masa ya ji tsoron Allah, shekara biyu ta rayuwar 'yar mutane ya sa ta zubar a kan ragin magani. Ya yi ta ƙunƙuni. Amma ba faɗana ne ya motsa shi ba. Abin da ya hana shi sukuni shi ne a rubuta a takarda cewa maganin babanmu banza ne. Ya fito ya ce mata ta shirya, zai kai ta har gindin saiwa ta biyar, ta haƙa da idonta tana gani.

Direbanta ya kai su a mota har mashigin rafin da hanya ta ƙare, ya tsaya nan jiransu. Daga nan sai ƙafa. Farkon bazara ne, ciyawa ta bushe ta kwanta, gamba tana karyewa ƙaras-ƙaras a ƙarƙashinsu. Suka ratsa kalgo da sabara, suka shiga inda marke da kirya suka yi duhu. Gari ya waye musu a wani kwari, zabin daji suka tashi fir daga gindin kanya, Kubura ta ce sai da zuciyarta ta yi tsalle. Nomau bai ko ɗaga kai ba. Idonsa yana ƙasa.

A nan ne ya gaya mata abin farautarsu na ranar. Ita saiwar nan ba a ganin ganyenta da rani, yakan bushe ya bi iska, ba abin da ke nuna inda take. Mai nuna ta ɗaya ne, gyado, wato aladen daji, domin shi yake tono ta ya ci. Wanda ke son saiwa sai ya bi sawun gyado. Ya ce abin takaici, yau zai wuni yana bin naman da ko ya harbe ba zai ci ba.

Sun wuce sawun gada, sun wuce kashin gwanki da ya kwana biyu. Wajen hantsi ya tsuguna a bakin wani busasshen tabki, ya nuna mata kofato biyu sirara a cikin taɓon da ya tsage, da wasu ƙanana guda uku a bayansu. Uwa ce da 'ya'yanta. Gaba kaɗan ya nuna mata lotsawa biyu a ƙasa kamar an danna ƙasan ludayi, ya ce gwiwoyinta ne, gyado durƙusawa yake yi in zai yi tono. Ya ɗebi ƙasar ya murza, ya sansana, ya ce da sanyinta, ba su yi nisa ba. Ya jiƙa yatsa da yawu ya ɗaga don ya ji inda iska ke bi, sannan suka zagaya ta hagu. Ya yi wa kare wata 'yar tsaki, karen ya manne da ƙafarsa.

Sawun ya kai su gindin wani dutse mai faɗi, inda wani tsohon suri ya tashi ya fi mutum tsawo. A ƙasan surin akwai rami mai faɗin bakin tukunyar biki, ƙudaje suna shawagi a bakinsa. Kubura ta nufi gaban ramin za ta leƙa. Nomau ya fizgo jakarta ta baya har ta kusa faɗuwa, ya tura ta bayan surin. Ya ce gyado da baya yake shiga rami, haurensa yana kallon ƙofa. Nomau ma ya hau ta saman surin, ya buga ƙasa da gindin gatari sau uku. Ƙasa ta yi wani gurnani, sai ga uwar ta fito kamar an harbo ta, ƙura ta turnuƙe, haurenta ya wuce daidai inda Kubura ta tsaya ɗazu. 'Ya'yan suka biyo ta wutsiya a tsaye. Ta juyo za ta dawo kan kare, Nomau ya ɗaga adaka ya harba sama, dam, hayaƙi ya rufe shi, dutsen ya amsa. Suka bazama cikin kurmi.

Da hayaƙin ya washe ya nuna mata gefen surin, duk an tone shi, ga guntayen saiwa an tauna an yar, jajaye-jajaye a ciki kamar goro. Kubura ta fito da safar hannu mai kauri da 'yar shebur ta ƙarfe ta miƙa masa. Ya girgiza kai. Ya ce uwar magani ba a taɓa ta da ƙarfe, ba a tsaya mata da takalmi, ba a sa komai tsakaninta da fatar mutum, haka babansa ya yi, haka kakansa. Ta ce, Baba, suri ne fa, kuma gindin dutse. Ya ce ya sani, ai ba yau ya fara ba. Ya tuɓe takalmansa na taya, ya yi bismilla, ya karyo reshen kirya ya sassauta ƙasar, sannan ya zura hannunsa na dama ƙarƙashin wani falalen dutse yana laluben inda saiwar ta bi.

Ita ce ta fara jin ƙarar. Ta ce kamar an yayyafa ruwa a kasko mai zafi, shuu, shuu. Kafin ta buɗe baki ya zaro hannun. Kububuwa ce, gajeruwa, ba ta fi kamu biyu ba, launinta launin ƙasar wurin, ta naɗe tana goga jikinta. Ya sare ta da gatari da hannun hagu. A yatsansa manuni ga ɗigon jini biyu. Amma bai saki saiwar ba, tana damƙe a tafinsa, doguwa kamar rogo siriri.

Kubura ta ce abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne fuskarsa. Murna ta gani. Ya zauna a inuwar dutsen, ya buɗe burgami ya fito da garin sauran huɗun, ya gutsuri saiwar ya tauna, ya haɗa, ya haɗiye rabi, ya shafa rabi a kan saran. Ya ɗauko wuƙa zai tsaga wurin, ta riƙe hannunsa da hannu biyu ta ce wannan kam sai dai ya yanka ta tukun, domin in jini ya fara fita ba zai tsaya ba. Ya bar tsagar. Ta zare masa zoben azurfarsa tun yatsan bai kumbura ba. Sannan ta buɗe jakarta ta nuna masa ƙananan kwalabe na allurar maganin dafin maciji irin ta asibiti, waɗanda ba ta shiga daji sai da su. Ya kawar da kai.

"Likita, shekara biyu kina gwada maganin ubana a kan ɓera. Yau Allah Ya ba ki mutum. Mayar da kwalabenki, ki zauna ki rubuta."

Ta roƙe shi, ta yi masa kuka, ta ce ba a gwaji da ran mutum, ko a jami'arsu wanda ya yi haka korarsa za a yi. Ta ce ya tuna da ni. Ya ce in ta soka masa allura ya warke, har abada za a ce allura ce, maganin ubansa ya mutu ke nan. Ba ta da ƙarfin danne shi, wayarta ba ta kama komai a wurin, mota tana tafiyar awa uku. Sai ta yi tunani, ta ce to su yi yarjejeniya irin ta masu bincike. Za ta bar maganinsa ya yi aiki har inuwar surin ta taɓa wancan farin dutse. Daga nan za ta ɗebi jininsa ta zuba a sabuwar kwalba, ta ɗebi nata ta zuba a wata, su ajiye minti ashirin ba mai taɓawa. Jinin lafiyayye daskarewa yake yi. Jinin da dafin kububuwa ya ci ba ya daskarewa. Ba ita za ta karanta ba, shi zai karanta da kansa, yadda ya karanta mata sawun gyado. In nasa ya daskare, za ta mayar da allurarta. Ya ce ya yarda.

Suka zauna. Rana ta take, daji ya yi tsit, sai kukan kurciya can nesa. Yatsan ya kumbura, bayan hannun ya cika ya yi sheƙi, kumburin ya haura wuyan hannu. Nomau yana ta ba ta labarin ɓaunar da ya harbe yana saurayi, yana dariya, gumi yana ɗiga daga gemunsa. Daga baya ya gaya mini tun a lokacin ya fara jin ɗanɗanon gishiri-gishiri a bakinsa, ya riƙa haɗiye yawu don kada ta gani. Karen ya ƙi kwanciya, sai ya zo ya sansana hannun ya koma yana ƙugi.

Da inuwa ta taɓa farin dutsen ta ɗaure masa damtsen hagu, ta ɗebi jini, ta ɗebi nata, ta jera kwalaben biyu a lungun dutse, nasa a dama, nata a hagu, ta ajiye agogonta a tsakani. Ta ce a duk shekarunta na aiki ba ta taɓa ganin minti ashirin mai tsawon wannan ba. Inda ta soka masa allurar ɗibar jini ma, audugar ta jiƙe, ta canza wata, ita ma ta jiƙe. Bai kalli wurin ba.

Lokaci ya cika. Ta ce ya fara da nata. Ya ɗauka ya karkata, ya kifa ta gaba ɗaya. Jinin yana manne a gindi kamar kindirmo, ko motsi. Ya ajiye. Ya ɗauki nasa, ya karkata a hankali. Ya gangaro bakin kwalbar kamar zoɓo.

Ya daɗe yana kallonsa. Ya mayar da kwalbar tsaye, ya sake karkatawa, ko ya yi kuskure. Sai ya tofar da yawun da yake ta riƙewa a kan dutse, ja wur.

"Ashe haka jinin Malam Arzika ya kasance," in ji shi, a hankali. "Kwana uku ina ba shi maganin nan."

Ya miƙa mata hannu.

Ta narka garin allurar da ruwansa, ta nemi jijiya, ta riƙa turawa kaɗan-kaɗan tana duban agogo tana duban fuskarsa, domin wani jikin ba ya karɓarta. Jikinsa ya yi ƙaiƙayi, ya yi amai sau ɗaya, sannan ya lafa. Ta cire mayafinta ta rataye masa hannun a ƙirji. Ta sa saiwar a jakar takarda, ta rubuta rana da wuri a jiki, ta ɗauki macijin ma ta sa a gora don a gani a asibiti. Ta sa masa takalmansa da hannunta. Ita ta saɓa adaka da gatari, Ƙyalesu ya shige gaba, suka kamo hanya, yana taku goma yana hutawa. Sau biyu ya zauna ya ce ta tafi ta bar shi, ta ce in ya ga ta koma wurin Yayarsa ita kaɗai to ba ita ba ce. La'asar sakaliya direban ya hango su, ya rugo ya goya shi.

Kwana shida ya yi a asibiti. Sun ƙara masa allura, sun yi ta maimaita gwajin kwalbar har jininsa ya daskare. Ya tashi, alhamdu lillahi, amma yatsan nan ya sandare, ba ya lanƙwasuwa. Da shi yake jan kunamar bindiga. Adakar tana rataye a zaure har yau, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta.

Ranar da aka dawo da shi bai shiga ɗakinsa ba, nawa ya shigo. Ya zauna a bakin ƙofa kamar baƙo, tsoho da furfurarsa, ya ce, "Yaya, da na kai Malam asibiti." Na ce masa a wancan lokacin asibitin yana ina, motar tana ina, ni ma ai da hannuna na riƙe ƙwaryar. Na ce na yafe, in ma akwai abin yafewa. Ya ce ba Malam kaɗai ba ne. Ya fara lissafa mini sunaye da yatsun hannunsa mai lafiya, ya gama su ya sake zagayowa. Na riƙe hannun na ce ya isa.

Kubura ba ta daina zuwa ba. Na tambaye ta, to waɗanda suka warke fa, su da yawa? Ta ce wani saran maciji ba ya zuba dafi, wani macijin ma ba mai kisa ba ne, irin waɗannan ko ruwa aka ba su za su tashi. Ita saiwar kuma, bayan wata takwas ta zo ta ce ta gwada ta, ita kaɗai da kuma haɗe da sauran, ba ta tsayar da zubar jini, wannan ta tabbata. Amma akwai wani abu a cikinta da ya rage kumburi a ƙafar ɓerayenta, ba ta san ko mene ne ba tukun, ba ta ga irinsa a littattafansu ba. Ta ce yana iya zama wani abu, yana iya zama ba komai ba, sai an ƙara shekaru. Ta ce in ta rubuta, da sunan babanmu a ciki. Nomau ya saurara har ta gama. Abin da ya tambaya kawai shi ne, to me ya sa gyado yake cin ta? Ta ce wallahi ba ta sani ba. Ya ce shi ma.

Da damina ta gaba ta faɗi aka kawo masa wata mata daga ruga, kububuwa ta sare ta a ƙafa wajen tsinkar kuɓewa. Ina tsakar gida ina jin su. Mijin ya durƙusa yana cewa Sarkin Baka a taimaka. Na ga Nomau ya shiga ɗaki ya fito da burgami, gabana ya faɗi. Ya zura hannu a ciki, ya wuce ƙullin garin magani, ya zaro kwalbar nan tasa da ya ƙi yarwa, jinin ya bushe ya yi baƙi a gefe ɗaya. Ya dube ta, ya mayar. Sannan ya ce a kira mai babur maza, kada a tsaga, kada a ɗaure, shi da kansa zai raka su asibiti. Mijin ya tsaya yana kallonsa, ya ce ai su wurinsa suka zo, don maganin gado.

Nomau ya ɗaga masa sandararren yatsan nan, ya ce, "Ga abin da na gada. Ɗauko ta mu tafi."